Kundin Aiki: Shirin Kwashe Yara Masu Lalura Mai Tsanani Kafin Ruwa Ya Iso

14 ga Janairu, 2025

Yau muka kammala rajistar farko. Wanda ya shiga shi ne yaron da ransa ya rataya a kan wata na'ura, ko wani maganin da ba a tsallakewa, ko irin kulawar da ba kowa ne ya iya ta ba, kuma gidansu yana cikin yankin da taswirar ambaliya ta nuna ruwa na iya ci. Akwai masu numfashi ta bututun da aka sa a maƙogwaro, wasunsu har da na'urar taimakon numfashi. Akwai masu shan oksijin dare da rana, da masu cin abinci ta robar ciki, da masu farfaɗiya mai wuyar lafawa, da masu ciwon sukarin da sai da insulin, da masu sikila, da mai wankin ƙoda a gida. Da yawa sun haɗa biyu ko uku.

Masu aikin su ne ni daga sashen jinyar yara a gida, da likitar yara, da injiniyan na'urorin asibiti, da jami'in agajin gaggawa, sai iyaye mata biyu da suka shekara da shekaru suna wannan hidima a ɗakunansu. Su ɗin ne ma suka rusa tsarin da likita ta zo da shi na jera yara bisa sunan cuta. Ɗayarsu ta ce sunan cuta ba zai gaya wa direban motar asibiti gidan da zai fara zuwa ba. Abin da zai yi masa amfani shi ne sanin awa nawa yaron zai kai lafiya in wuta ta ɗauke, hanya kuma ta yanke. A kan haka muka tsaya. Kowane yaro za a rubuta masa lamba guda a saman takardarsa, wato awanninsa.

22 ga Janairu

Lissafin awanni yana cin lokaci, don sai an bi gida-gida an gwada. Ba mu yarda da abin da aka buga a jikin kwali.

Injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, irin na gida mai ba da lita 5 a minti, yana jan wuta wajen wat 300 zuwa 400, kuma ba shi da batir a ciki. Ana ɗauke wuta yake tsayawa. Wasu iyalai sun tanadi babban batirin ajiya mai wat-awa 1,000 suna ganin sun gama da wannan babi. Da injiniya ya jona shi da injin, bai cika awa uku ba, domin inbata ma tana cin nata kason. Daga nan sai silinda. Matsakaiciyar nan da ake iya ɗauka da hannu tana cin kimanin lita 680. Yaron da ke kan lita 2 a minti zai shanye ta cikin awa biyar da minti arba'in, kuma ba a bari ta kai ƙarshe, saboda haka biyar muke rubutawa. Jaririn da ke kan rabin lita zai haura awa ashirin da ita. Ciwo iri ɗaya, silinda iri ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu ita za ta nuna wanda mota za ta fara ɗauka.

Na'urar taimakon numfashi ba ta cin wuta kamar haka, kuma tana da batirinta. Matsalarta tsufa. Mun ci karo da wadda batirinta bai kai rabin abin da littafinta ya faɗa ba, iyayen kuma ba su sani ba, tunda ba su taɓa barin ta a kan batir har ta yi kuka ba. Sannan abin da ke ɗumama iskar yana jiƙa ta ba ya aiki da wancan batirin. In ya tsaya majina takan yi kauri ta toshe bututu, don haka muka sa ɗan matacin nan mai riƙe danshin numfashi cikin kayan dole, tare da abin zuƙe majina na hannu ko na ƙafa, da jakar numfashi da ake matsawa. Ita jakar tana riƙe rai, amma hannu ɗaya ba ya iya mata dare guda. Gidan da babu babba na biyu da ya iya ta, ba mu ƙara masa ko awa ɗaya saboda ita.

Akwai kuma waɗanda awanninsu ba su da alaƙa da lantarki. Mai farfaɗiya in maganinsa ya yanke farat ɗaya yana iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa, kuma duk wadda ta wuce minti biyar ta zama ta gaggawa. Mai famfon insulin ba shi da insulin mai dogon aiki a jikinsa, in famfon ya tsaya cikin 'yan awanni jini zai fara gurɓata. Mai robar ciki in ta fita, hujin yakan fara tsukewa kafin gari ya waye.

Janareto kam mun cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Ana so ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga saboda hayaƙinsa mai kisa ba tare da wari ba. To in ruwa ya cika tsakar gida ina za a ajiye shi? A lokacin ne mutane ke jawo shi baranda ko ƙarƙashin bene, ga yaro mai raunin huhu a ɗaki.

3 ga Fabrairu

Takardar bayanin yaro ta fito. Mun ɗauki fasali daga fom ɗin bayanin gaggawa da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ta likitocin gaggawa suka fitar tun 1999, amma mun matse shi ya zama shafi ɗaya, gaba da baya. A ciki akwai nauyin yaro da ranar da aka auna, tunda maganin yara da kilo ake lissafa shi, da magunguna da adadinsu da lokacinsu, da lambar bututu, da saitin na'ura, da abin da jikinsa ba ya so.

Layin da na fi ji da shi shi ne wanda ke faɗin yadda yaron yake in yana lafiya. Yaro mai wani irin ciwon zuciya da aka haife shi da shi yana iya zama lafiya lau da ma'aunin oksijin 80 cikin ɗari. Ma'aikacin da bai san shi ba zai firgita ya buɗe masa iska fiye da kima. Wani kuma ba ya magana, alamar ciwonsa cizon hannu ne ko yin tsit. Wannan sashe iyaye ne ke cika shi da bakinsu, mu rubutawa kawai muke yi.

An lulluɓe takardar da leda, an kuma yi wa kowane yaro abin hannu mai sunansa da lambar waya biyu. Bayan guguwar Katrina a 2005 an kai rahoton yara sama da 5,000 da suka rabu da iyalansu, kuma sai a Maris ɗin 2006 aka haɗa ta ƙarshe da danginta. Yaron da ba ya iya faɗin sunansa, in ya hau wani jirgi uwarsa ta hau wani, abin hannun nan ne bakinsa.

11 ga Fabrairu

Neman izinin iyaye kafin a ba masu ceto bayanan yara. Akasari sun sa hannu. Gida ɗaya sun ƙi, ba sa son wani ya san halin 'yarsu, kuma haƙƙinsu ne. Mun yi yarjejeniya sunanta zai zauna a ambulan rufaffe wurin nas mai jiran aiki, ba a buɗewa sai an yi gargaɗi.

24 ga Fabrairu

Ina za a kai su? Nan ne aikin ya yi tsauri, kuma har yau bai warware duka ba.

Mun zaga wuraren da aka ware don tsugunar da jama'a, makarantu da manyan ɗakunan taro. Ga lafiyayyen mutum ba laifi. Ga yaranmu kuwa, soket biyu ne ko uku a zauren da zai ɗauki ɗaruruwa, kuma kowa zai zo da wayarsa yana neman caji. Banɗaki ba ya shigar keke. Babu inda za a wanke hannu a canja bandeji cikin tsabta, balle a haɗa jakar wankin ƙoda, wanda ƙwayar cuta kaɗan in ta bi bututu sai ta kumbura rufin ciki. Ga tari ta ko'ina, alhali mai sikila ko wanda ke kan maganin da ke rage garkuwar jiki zazzaɓi kaɗai ya isa ya kai shi gadon asibiti. Mai sikila kuma sanyin jiƙaƙƙen kaya da ƙarancin ruwan sha su ne daidai abin da ke tayar masa da ciwo.

Amsar da kowa ke fara bayarwa ita ce a kai su asibiti. Shugabannin asibitin da muka zauna da su sun faɗi gaskiyarsu: ranar ambaliya gadajensu na waɗanda suka ji rauni ne, ma'aikatansu ma wasu ruwa zai tare su a gida. Yaron da lafiyarsa ƙalau, soket kawai yake nema, bai kamata ya riƙe gadon kulawa ta musamman ba. Ban ji daɗin amsar ba amma ban ga ƙarya a cikinta ba. Kuma shi kansa asibiti ba tudun mun tsira ba ne. A Oktoban 2012, lokacin guguwar Sandy, ruwa ya shiga ƙasan ginin asibitin NYU Langone a birnin Niyu Yok, inda tankunan mai suke, wutar ajiya ta mutu. Sai da ma'aikatan jinya suka sauko da jarirai kusan 20 daga hawa na tara ta matakala da hasken tocila, wasu ana matsa musu jakar numfashi da hannu. Tun da injiniyanmu ya ba mu wannan labari, duk ginin da muka shiga tambayarsa ta farko ita ce ina tankin mai da allon rarraba wuta suke. In a ƙasa ne, ya gama da wurin.

Inda muka tsaya: masu na'urar numfashi da mai wankin ƙoda asibiti ya amince zai karɓe su, a rubuce. Sauran mun samo musu wata cibiyar gashin ƙashi da ke kan tudu, tana da wutar ajiya da ɗakuna daban-daban, za a tura nas biyu. Wanda yake da ɗan'uwa a wajen yankin ruwa mai tsayayyar wuta, can ya fi, amma sai mun je mun ga gidan da idonmu.

6 ga Maris

Jakar tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kowace jaka tana rataye kusa da ƙofa, an haɗa ta tun yanzu: bututun maƙogwaro biyu, ɗaya daidai lambarsa ɗaya ƙasa da shi, robar ciki ta canji, manyan sirinji don ba da abinci in famfon abinci ya mutu, maganin tsayar da jijjiga, caja da wayoyinta, da maganin mako guda.

Maganin mako gudan nan shi ne ƙashin bayan jakar, shi ne kuma abin da muka kasa samu cikin sauƙi. Magungunan farfaɗiya da yawa ana ƙirga su ne ƙwaya-ƙwaya, ba a ba da ƙari a kan na wata. Likita ta fara rubuta wasiƙu.

Batun insulin ya zo da sauƙi fiye da yadda iyaye ke tsoro. Wanda ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi kuma yawanci yana kai kwana 28 a zafin ɗaki. Wani bincike da Jami'ar Jeneba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Abin da ke kashe shi nan take daskarewa ne. Saboda haka muke hana a manna shi da ƙanƙara a cikin kula.

Mai wankin ƙoda nasa ba jaka ba ne, kaya ne. In yana shan jaka biyu masu lita 5 kowane dare, ruwan mako guda ya kai kilo 70. Mun nemi a kai kason farko asibitin da zai karɓe shi tun yanzu a ajiye.

19 ga Maris

Zaman yau ya yi zafi. Maganar ita ce yaushe za a tashi, kuma wa zai ce a tashi.

Jami'in agaji yana son a jira sanarwar hukuma, don kada a riƙa tayar da mutane a banza har su daina ji. Likita ta ƙara da cewa ɗaga irin waɗannan yara shi ma haɗari ne, bututu na iya zamewa a hanya. Duka gaskiya ne. Amma lokacin da aka ce kowa ya fita, hanya ta cika, motocin asibiti suna wani wuri, kuma ruwa ya fara hawa titi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da manyan motoci, har da ta asibiti.

Na kawo misalin Japan. Tun 2019 gargaɗinsu mataki biyar ne. A na huɗu ake cewa kowa ya tashi, amma tsofaffi da masu naƙasa da masu kula da su tun a na uku ake so su bar gida. A 2021 kuma suka gyara dokar bala'o'i, aka ɗora wa ƙananan hukumomi su yi ƙoƙarin rubuta wa kowane mai buƙatar taimako shirin fitarsa shi kaɗai. Injiniya kuma ya tuna mana da kwarin kogin Ahr a Jamus, daren 14 zuwa 15 ga Yulin 2021, inda mutum sama da 130 suka rasu. Goma sha biyu daga cikinsu mazauna wani gidan masu naƙasa ne a garin Sinzig, ruwa ya same su a hawan ƙasa cikin dare. Manya ne ba yara ba, amma abin da ya ci su shi ne abin da muke gudu: mutumin da ba ya iya tashi da kansa, ga dare, ga ruwan da ya fi sanarwa sauri.

Mun yanke cewa yaranmu za su tashi mataki ɗaya kafin jama'a. Nas mai jiran aiki ce za ta ba da umarni, tana kallon ma'aunin kogi da hasashen yanayi, ba sai ta nemi izinin kowa ba. In hasashe ya nuna ruwan dare ne, a fita da rana. Jami'in agaji ya sa hannu amma ya ce a rubuta cewa bai gamsu ba. An rubuta.

2 ga Afrilu

Atisaye, da 'yar tsana mai nauyin yaro ɗan shekara takwas da na'urori na gaske.

Saukowa daga bene ta cinye mutum huɗu: biyu ɗauke da yaro, ɗaya riƙe da na'ura kusa da shi kada bututu ya ja, ɗaya da silinda da jaka. Keken lantarki ya haura kilo 100, ba ya saukowa ta matakala, ba ya shiga kwale-kwale. Barinsa kuma ba ƙaramin abu ba ne, tunda an ƙera kujerarsa daidai jikin yaron, wani in babu ita ko haɗiya ba ya yi lafiya. Mun sa a riƙa fitar da kekuna tun a gargaɗin farko da wata mota daban.

Gwajin kwale-kwale ne ya sa kowa ya yi shiru. Rigar ceto an yi ta ne don ta ɗaga hanci da baki sama da ruwa. Yaro mai bututun maƙogwaro ƙofar numfashinsa a wuya take, daidai inda ruwa ke tsayawa, kuma abin da ya shiga nan huhu zai wuce kai tsaye. Na'urar ma ba a iya ɗaure ta a leda, sai ta shaƙi iska. Masu ceto da kansu suka ce kada mu sa jirgi cikin shirin waɗannan yara sai in babu makawa.

Ɗaya daga cikin iyayen ta yi tambayar da ba ta cikin takardunmu: in hannayenta biyu suna kan wannan, wa zai riƙe ƙannensa? An ƙara layi a fom. Haka ma yaro mai galahanga da ruwa ke jan hankalinsa, an ware masa mutum guda da ba shi da wani aiki sai sa masa ido, kuma za a kai shi ya ga cibiyar tun kafin ranar.

9 ga Afrilu

Abin zuƙe majina na ƙafa ya iso, an raba. Direbobin dare har yanzu ba su cika ba.

22 ga Afrilu

An gwada mu da gaske a makon jiya. Ma'aunin kogi ya kai inda muka shata da hantsi, nas ta ba da umarni, kafin faɗuwar rana duk masu ƙasa da awa shida sun isa inda aka shirya musu. Ruwa ya hau, ya tsaya bai shiga gidajen ba. Wuta dai ta ɗauke a wani sashe har wayewar gari, wanda ya fi ƙarfin batirin wasu daga cikinsu.

Ba kyauta aka yi tafiyar ba. Yaro ɗaya ya dawo da ciwon ƙirji, yana kan magani. Wata ta yi jijjiga saboda rashin barci a baƙon wuri. Wani uba ya rasa aikin kwana biyu. Gida ɗaya kuma sun ƙi fita. Da na je bayan komai ya lafa, uwar ta ce min, "Sista, in duk sanda kogi ya motsa zan kinkimi yaron nan, hanya ce za ta gama min da shi kafin ruwa." A hawa na uku suke, ɗanta yana kan rabin lita, kuma tana da silinda biyu cike. Na zauna na yi lissafin da ita, awanninsa sun haura arba'in. Hujjarta ta fi tamu ƙarfi a wannan karon.

Saboda haka muka raba rajistar gida biyu. Wanda ke hawan ƙasa, ko mai gajerun awanni, zai ci gaba da tashi da wuri, babu sassauci. Wanda ke sama, ginin mai ƙwari, awanninsa sun haura kwana guda da rabi, kuma akwai manya biyu da suka iya kula da shi, za a iya kai masa ƙarin silinda da batir a gargaɗin farko ya zauna, ana kiransa safe da yamma. Likita ta amince da sharaɗin mai na'urar numfashi ba ya cikin wannan rangwame ko a hawa na nawa yake, domin in ta lalace babu mai iso masa. Jami'in agaji bai ce "na faɗa muku" ba, ya kyauta.

5 ga Mayu

Ƙarin maganin mako guda ya samu ga masu insulin da masu sikila. Na farfaɗiya har yanzu wasiƙa ake yi.

Wani giɓi ya fito. An sallami jaririya daga asibiti da oksijin a watan jiya, gidansu a tsakiyar yankin ruwa, kuma ba mu ji labarinta ba sai da nas ta je ziyarar farko. Rajista ta Janairu ce, yara kuma ba su daina zuwa ba, wasu sun ƙara nauyi an canja musu magani, wasu sun ƙaura. Mun rubuta wa sashen jarirai da na yara a ƙara tambaya ɗaya a takardar sallama, ko gidan yana yankin ambaliya, in eh a kira mu kafin yaro ya fita. Sashen jarirai sun amsa, na yara ba su amsa ba tukuna.

Ranar 19 ga wata injiniya zai fara zagaye na biyu na gwajin batura, za a kuma sake auna nauyin kowa a sabunta takardu. Sauran direban dare ɗaya ake nema ga unguwannin ƙetaren gada, inda hanya ke fara yankewa.